Kifayen Baturen Hanya

Tun ban taɓa ganin teku ba na yi jinyar kifinta. A lokacin Abuja ƙaramin gari ne a gindin duwatsu, ni kuma ina aiki a ɗakin shan magani na wani ƙauye a kan hanyar Kuje, da mata da 'ya'ya biyu. Mutane suna ce mini likita, amma iyakar aikina wanke gyambo, raba ƙwayoyi, da duba jini a wani tsohon madubin likita. Babban burina a tura ni kwas Kaduna, kuma ba a tura mutum sai da takardar wani babba.

Akwai wani Bature injiniyan hanya da ya kafa bariki kusa da mu. Ba shi da mata, ba ya kiwon kare, abin da ya sa a ransa shi ne wani akwatin gilashi mai tsawon gadon mutum ɗaya, cike da ruwan teku da ake kawo masa cikin durom daga Ikko. Kifayen ciki kamar an rina su: shuɗi, ja da fari, wani mai zane-zane kamar saƙi. Sai da yamma ake tayar da injin wutar barikin, kifayen kuwa suna bukatar iska a ruwa kullum, don haka ya ɗauki wani dattijo Bagwari aikin taka famfo da ƙafa tun daga hantsi har la'asar. Manomin doya ne, ya karɓi aikin ne kafin ruwa ya sauka. Shi ke ba su abinci kuma, har sun saba da shi, in ya matso sai su taru a gefensa.

Wata Talata aka aiko mota ta ɗauke ni, aka ce in taho da madubina. Na tarar da Baturen tsaye, fuska ta yi ja, ga mataccen kifi ɗaya a faranti. Na leƙa akwatin. Jikin kowane kifi da ɗigo-ɗigon fari kamar an barbaɗa masa garin gero. Suna ta goga jiki da duwatsun ciki, numfashinsu da sauri, wasu sun maƙale a lungu sun ƙi abinci. Na kankari fatar mataccen da reza, na shafa a gilashi, na duba. Ga su nan, wasu ƙananan ƙwari masu kewaye, suna juyawa a hankali. Baturen ya buɗe wani littafinsa mai hotuna, muka gwada, su ne. Littafin ya ce ƙwarin sukan ci fatar kifi kwana kaɗan, su faɗo ƙasan ruwa su hayayyafa, 'ya'yansu su sake hawa. Ya kuma ce sabon kifi ke shigo da su, shi ya sa ake ware baƙo makonni kafin a haɗa shi da sauran. Na karanta wurin da idona, yatsan Baturen yana kan shafin.

Ya rufe littafin, ya nuna dattijon. Da Turanci ya ce mini, "Dubi hannuwansa. Da waɗannan yake ba su abinci. Daga nan cutar ta fito."

Hannuwan manomi ne kawai, duk faso, ba ƙazwa ba komai. Dattijon bai daina taka famfo ba, amma ya gane da shi ake. Ya ce mini da irin Hausarsa, "Likita, ka gaya wa maigida. Wancan kifi rawaya, ita ya zo da ciwo. Ranar da mota ya kawo shi na ga fari-fari a wutsiya. Na nuna wa kuku. Maigida da kansa ya zuba shi ciki."

Kukun gidan yana bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai. Shi yana jin harsunan biyu.

Baturen ya ce, "Me yake cewa?"

Na san wannan mutumin yana cin abinci tare da babban likitan lardi. Na san kuma ba mai son a ce ya yi kuskure ba ne. Ban ma ɗauki lokaci ina tunani ba. Na ce, "Yana cewa ka yafe masa, ba zai sake ba."

Akwai wani shuɗin magani mai kama da gishiri da Baturen yake ajiye da shi a gwangwani, ɗan kaɗan ake narkarwa a ɗiga wa durom guda. Ya ce in zuba cikin tafin hannu a kwanon ruwa, dattijon ya tsoma hannuwansa safe da yamma don a kashe cutar daga tushe. Na san abin da zai yi wa fata mai tsaguwa. Ni na auna, ni na dama. Aka ajiye kwanon a kan kujera kusa da famfon, don kada aikin iska ya tsaya.

Na ce, "Baba, sa hannunka. Magani ne."

Ya dube ni, ya sa. Ƙafarsa tana taka famfo, hannuwansa cikin ruwan shuɗi, gumi yana bin wuyansa. Bai yi kuka ba, sai dai takun ya riƙa sauri yana lafawa. Baturen yana duba agogo.

Kifayen kuwa na yi musu aiki da zuciya ɗaya. Kowace safiya nake zuwa a keke. Mukan kamo kifi da ɗan koma mu sa shi cikin ruwan daɗi mai ɗumi daidai da nasa na 'yan mintoci, domin ƙwarin teku ba sa jure ruwan da ba gishiri. Kifin yakan kwanta a gefe kamar ya mutu, sai in taɓa wutsiyarsa da cokali ya zabura. Daga nan mu mayar da shi wani baho mai sabon ruwan teku da ɗigon shuɗin magani. Babban akwatin muka bar shi ba kifi, don ƙwarin da suka ƙyanƙyashe su rasa abin ci su mutu. Akwai wani ƙaramin ja da fari da na fi so. Ranar da ya sake karɓar abinci, na koma gida ina ba matata labari kamar ɗana ne ya tashi daga ciwo.

Rawayan nan shi ya mutu na biyu, wutsiyarsa ta zagwanye. Baturen ya tsame shi, ya miƙa wa kuku ya zubar. Wasu biyu suka bi shi, sauran suka warke cikin makonni uku. Duk tsawon lokacin kwanon yana nan a kan kujera. Fatar hannun dattijon ta fara saɓulewa, yatsun suka kumbura har ba ya iya ɗaure wandonsa, kuku ke ɗaure masa. Ranar da aka mayar da kifayen akwatinsu, Baturen ya sallame shi, ya ce ba ya son ganinsa kusa da barikin. Ni kuma ya zaunar da ni a falo, ya ba ni shayi, ya rubuta mini takardar zuwa kwas a gabana.

Ruwa ya sauka, lokacin tada kunyar doya, sai ga matar dattijon ta kawo shi ɗakin shan magani. Doguwar mace ce, da ƙwarya a kafaɗa yadda matan Gwari ke ɗaukar kaya. Na kwance tsumman hannunsa, wari ya cika ɗakin. Yatsu biyu na dama sun yi ruwa har gindi. Ina cikin wankewa ya ce, a hankali, "Likita, kuku ya gaya mini maganar da ka juya."

Akwai mutane a kan benci suna ji. Na ɗaga murya na ce, "Baba, in magani ka zo nema ka yi shiru, in surutu ne ka fita, ga mutane suna jira." Na danna audugar da ƙarfi fiye da yadda ya kamata. Ya ja iska ta haƙora. Ya yi ta zuwa har ciwon ya rufe, amma yatsun biyu suka sandare a lanƙwashe, ba su ƙara kama ƙotar fartanya ba. A shekarar matarsa ce ta tada kunyar da ta iya, rabin gonar ya zama ciyawa.

Saura kwana kaɗan in tafi Kaduna, da hantsi, matar ta yi sallama a ƙofar gidana. Al'adarsu ce in ciwo ya warke a kai wa mai magani wani abu. Ta sauke ƙwarya daga kafaɗa, ta fito da doya biyu, ƙanana, ta ajiye a ƙasa maimakon ta miƙo mini. Na ce, "Yaya jikin Baba?" Ta ce, "Yana gida." Ta saɓa ƙwaryarta ta juya.

Matata ba ta san komai ba. Ta fere doyar ta dafa, ta kawo mini da manja da yaji, tana cewa mutanen nan akwai kara. Na zauna da yara muka cinye.