Tana Kwance, Inna

Muna saman jirgin ruwa muna shan shayin la'asar lokacin da muka matso kusa da gaɓa, wayoyi suka samu layi. Tawa tana cikin jaka. Ta 'yata ce ta fara ƙara, saƙo a kan saƙo, har matar teburin kusa ta waiwayo. Na ga ta karanta, ta kife wayar a cinyarta, ta sake ɗagawa. Sai ta ce da Larabci, don da shi take magana in abu ya yi mata nauyi, "Ummi, Khali ya ce ki kira shi. Maganar Khala ce."

Khali ƙanena ne, yana zaune a unguwar Rusaifa, cikin Makka, da iyalinsa. Khala kuwa Yayata ce, wadda muka baro a gidanmu na unguwar Mansur tare da Inna, mahaifiyarmu.

Na kira. Ya ce Yaya ta fita jiya da safe sayen citta da lemon tsami, ta yanke jiki ta faɗi a bakin shago, ba a kai asibiti da ita da rai ba. An yi mata sallah a Harami bayan azahar, an kai ta maƙabartar Shara'i. Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ce, "Inna fa?" Ya ce, "Ba ta sani ba."

Tun da Inna ta daina tafiya ba a barin ta ita kaɗai, kuma tun kwanciyarta ta ƙarshe a asibiti likita ya ce zuciyarta ba ta son firgita. Shi ya sa da 'yata ta fara aiki ta ce za ta kai mu yawon teku daga Jidda, sai muka raba tafiyar biyu. Jirgin yana zagaye ya dawo, ya sauke mutane ya ɗauki wasu a rana guda, ya sake bin hanyar. Zagaye na farko ni da 'yata, Yaya na gida. In mun dawo, 'yata ta sauka ta karɓi Inna, Yaya ta hau, ni in zarce tare da ita a ɗaki ɗaya. Yaya ce ma ta tsara haka. Ta ce, "Ke je ki gwada mana shi tukuna. In bai nutse da ke ba, da wannan jikin naki, to ni ma zai ɗauke ni." Ta kuma ce gadon gefen taga nata ne, kada in saba da shi.

Ƙanena ya ce da Inna ta tambaya, bakinsa ya riga shi. Ya ce mata Yaya ta wuce Jidda da wuri, wurin 'yan'uwa, don kada jirgi ya bar ta. Ya ɗauke akwatin da ta haɗa ta ajiye a bakin ƙofa, ya kai gidansa. A can Rusaifa ake zaman makoki, matarsa ce ke kwana da Inna, maƙwabta kuma an roƙe su su kama bakinsu.

Ranar da muka dawo Jidda ya zo ya same mu a tasha. Ya rame. Ya riƙe hannuna ya ce, "In kika shiga gida ke kaɗai yau, me za ki ce wa Inna? Ta san ku biyu za ku tafi. Ki koma. Kafin ki dawo likita ya duba ta, mun san yadda za mu yi." 'Yata ta ce wannan ba daidai ba ne, ya za a mayar da mai makoki cikin masu kiɗa. Na dube ta, na dubi motar da za ta kai ni Makka, na tuna matakalar gidanmu da ɗakin Inna a ƙarshenta. Na ce zan koma.

Waɗanda za su zarce ba mu da yawa. Aka tara mu gefe guda, aka ba mu sabon katin ɗaki, aka mayar da mu ciki kafin sababbin fasinjoji. Matar da ke bayar da katin ta duba na'urarta ta ce ɗakin na mutum biyu ne, ina ta biyun? Na ji kaina na ce, "Tana zuwa."

Ɗakin dai shi ne, amma an canza zanin gado, an share, an ajiye kofi biyu da ruwa gora biyu kamar ranar farko. Kayana na nan inda na bar su. Na zauna a gadon da ke jikin bango.

Gab da tashi sai lasifika ta yi magana. Aka kira sunan Yaya cikakke, da na mahaifinmu, aka ce ta zo wurin masu karɓar baƙi. Mai kiran ba ta iya faɗin sunan ba, ta karya shi a tsakiya. Aka jima aka sake kira. A Harami, in an idar da farilla aka ce a yi sallah ga mamata, ba a faɗin sunan kowa. Haka aka yi wa Yaya ina tsakiyar ruwa, cikin jerin makara, ba suna. Sai ga shi a nan ana ta kiran ta a kowane bene, a ɗakin cin abinci, a bakin wurin wankan yara. Na tashi na tsaya a bayan ƙofa ina sauraren takun mutane a hanya. Na san abin da na sani, amma na tsaya har jirgin ya motsa.

Ban san haka zagaye na biyu yake ba. Komai sai ya maimaita kansa. Mutumin da ya yi mana maraba ya yi wa sababbi da kalmomin nan, har da barkwancin da ya yi kan masu cin abinci sau biyar, aka yi dariya a daidai inda muka yi. Aka sake tara mu aka nuna mana yadda ake ɗaura rigar ceto. Miyar daren farko ita ce ta daren farko. Mai gyaran ɗaki ta naɗe tawul kamar agwagwa ta ɗora a kan gado, kamar yadda ta yi a baya, sai dai yanzu a kan gadon gefen taga ta ɗora. Na riƙa sanin abin da zai faru kafin ya faru. Na san akwai yammacin da za mu matso kusa da waccan gaɓa, wayoyi su samu layi.

A gida ban taɓa tambayar alƙibla ba. A jirgi kuwa sai an duba allon ɗaki, kibiya ta nuna, in an jima ta karkata. Kowace sallah sai na sake neman Makka.

Inna ta sa 'yata ta kira ni a tashar farko da muka tsaya. Muryarta ƙalau. Ta tambayi abinci, ta tambaya ko akwai Hausawa. Sannan ta ce, "Ba ni yayarki."

Na dubi gadon. Ban so in yi mata ƙarya ba, ban kuma iya gaskiyar ba. Na ce, "Tana kwance, Inna."

Ta yi dariya. Ta ce, "Na faɗa mata. Baki kamar reza, ciki kamar na jariri. Jiri ne?" Na ce ban ji ta koka ba. Inna tana yarinya ta ƙetare wannan tekun daga Sudan tare da iyayenta, a jirgin da ba gado ba taga, kuma duk abin da ta manta ba ta manta wannan ba. Ta ce, "Ki ba ta citta ta tauna. Kuma ki ce ta kwanta ta hannun dama, kada ta juya. Haka uwata ta yi mini har muka ga Jidda."

Na ce, "Haka ta kwanta, Inna."

"To madalla. Ki bar ta ta huta, kada ki tashe ta. Ta gaji da ni."

Na ji 'yata ta karɓi wayar, na ji ta fita daga ɗakin da sauri, sannan layin ya mutu.

Daga nan kullum muka samu layi haka ne. Tana kwance? Tana kwance. Inna ba ta sake cewa in kai wa Yaya wayar kunne ba. Wata rana ta ce in gaya mata tandar masarta na nan an kife, ba wanda ya taɓa. Wata rana ta ce in tambaye ta inda ta ajiye man zafi. Na ce zan tambaya.

Yammacin nan da na san yana tafe ya zo. Na hau sama don na kasa zama a ɗaki. Teburinmu wasu mata ne a kai, uwa da 'ya'yanta, suna shan shayi. Gaɓa ta bayyana, wayoyi suka fara ƙara ko'ina. Na tsaya ina kallon babbar 'yar tana karanta saƙonninta. Ta yi murmushi ta nuna wa uwarta hoto. Tawa wayar tana hannuna, ba ta yi ƙara ba. Na koma ƙasa, na cire agwagwar tawul daga gadon taga, na zauna a bakinsa. Daga nan ana ganin ruwa sosai, gaskiyar Yaya. Ban kwanta a kai ba.

Da muka dawo, ƙanena ya ɗauke ni. A hanya ya ce likita ya zo, ya ce jikin da sauƙi amma a bi a hankali. Ya ce shi ya gwada gaya mata, ya zauna gabanta, ya kasa. Ya ce, "Ke mace ce, kin fi ni sanin yadda ake faɗa."

Na hau matakalar ina haɗa kalmomi. Inna na zaune a kan gadonta, an yi mata wanka, carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe ta. Ta shafa fuskata ta ce na yi baƙi. Ta dubi ƙofa a bayana, ta daɗe tana dubawa. Na buɗe baki, sai ta riga ni.

"Jirgin nan, in ya sauke ku, komawa yake yi?"

"Komawa yake, Inna. Ya sauke wasu, ya ɗauki wasu."

"To ta zarce ke nan, kamar yadda kika yi."

Ta ja carbinta. Ta ce, "Ai gara. Ba ta taɓa zuwa ko'ina ba."

Ban san abin da Inna ta sani ba. Ba ta ƙara cewa a kira mata Yaya a waya ba, amma in an idar da sallah tana daɗewa tana addu'a fiye da da, kuma ta hana a ɗauke tandar masa daga inda take. Wani lokaci in ina shafa mata man zafi, wanda na samu a bayan buhun shinkafa, takan ce, "Har yanzu tana kwance?" In ce tana kwance. Akwatin Yaya yana Rusaifa yadda ta haɗa shi, ba a buɗe ba. Har yau ban gaya wa Inna ba.