Ranar da Aka Ɗauke Kazata Daga Kan Ƙwanta

Ranar wata Talata ce da hantsi, a tsakiyar damina, shekarar da na cika tara, lokacin Turawa na mulki. Ruwan kogin Haɗeja ya riga ya malalo ya shanye fadama, ƙauyenmu da ke tsakanin Auyo da Haɗeja ba shiga ba fita sai da kwale-kwale. Ina tsugune a bayan ɗakin Inna ina zuba wa kazata ruwa a sakaina, sai ga Ɗan Jummai, baran Bulama mai garinmu, ya faɗo mana gida ko sallama babu, ƙaton kwando a kafaɗarsa, kaji na ta kuka a ciki. Ya ce Bature mai rangadi ya sauka a bariki, an yanka wa kowane gida kaza ɗaya da ƙwai. Bai jira amsar kowa ba, ya zura hannu cikin akurkina ya fizgo kazar daga kan ƙwanta, tana ihu tana dukansa da fiffike. Na riƙe masa riga na ce kwanci take yi, saura kwana uku ta ƙyanƙyashe. Ya ce, "Bature bai san kwanci ba." Ya cire hularsa ya kwashe ƙwai goma sha ɗaya a ciki, ya juya ya fita. Babana yana zaune a tsakar gida yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi. Ko kai bai ɗaga ba.

Wannan kaza ba kyauta aka ba ni ita ba, guminta na ci. A kakar da ta gabata, ƙanwar babana, Gwaggo Fanna, ta roƙi a ba ta ni in yi mata gadin tsuntsu a gonar shinkafarta. Wanda bai taɓa korar jan-baki ba bai san wahala ba. Tun rana ba ta fito ba nake hawa kan rumfar kara da aka kafa a tsakiyar gona, da majajjawa da dunƙulen laka, in yi ta ihu ina jan igiyar da aka rataya wa fasassun ƙorai, har muryata ta dushe. Tsuntsayen kan taso kamar hadari, ka kore su gabas su sauka yamma. Ƙafafuna suka tsattsage saboda zama cikin ruwa, sauro ya mayar da jikina abin tausayi. Sauran yara suna can suna wasan 'yar gala-gala da langa a dandali, ni ina can ina faɗa da tsuntsu. Da aka yanke shinkafa aka sheƙe, Gwaggo ta kamo wata budurwar kaza mai ɗigon fari da baƙi ta ɗora mini a hannu, ta ce tawa ce halak malak. Na sa mata suna Wake-wake. A duniya ban taɓa mallakar wani abu ba kafin ita, ko zanen da ke jikina na yayata ne da ya yi mata kaɗan.

Kakata, wadda muke kira Iya, ita ta koya mini kiwo. Tare muka kwaɓa yumɓu da ɗanyar ciyawa muka gina akurki, muka yi masa murfi da fasasshen kasko. Ta nuna mini yadda ake cusa karan dawa da busasshen kashin shanu cikin tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kife a bakin suri, washegari a tarar gara ta cika ta. Da wannan gara da dusar gero na ciyar da Wake-wake har ta yi ƙiba, gashinta na sheƙi. Kwancinta na farko 'yan tsaki bakwai ta fitar, amma ban san komai ba tukuna. Shirwa ta ɗauki uku a gabana ina kallo, muzuru ya ci biyu, sauran biyun sanyi ya kashe su don na bar akurkin da danshi. Na yi kuka har Inna ta gaji da lallashi. Iya kuwa ba ta lallashe ni ba, cewa ta yi, "Share hawayenki ki je ki kwaso toka." Muka shimfiɗa toka a ƙasan akurki saboda ƙuma, muka saƙa wani faffaɗan kwando da za a riƙa kife 'yan tsaki da shi idan shirwa na shawagi. Da kaza ta sake yin ƙwai, na yi wa kowanne alama da gawayi, kullum safiya ina jefa tsakuwa ɗaya cikin ƙoƙo don kada ranakun su ɓace mini. Tsakuwa goma sha takwas ke cikin ƙoƙon ranar da Ɗan Jummai ya shigo.

Na tsaya ina kallon babana ko zai ce wani abu. Allura kawai yake ja. Na fita da gudu na bi bayan kwandon. Hanyar bariki ta ƙofar gidan Bulama ta bi, kuma da idona na ga kajinsa da zabinsa da agwaginsa sun fi talatin suna kiwo a bakin zaure, Ɗan Jummai ya ratsa ta tsakiyarsu bai kama ko ɗaya ba. Har yau idan na tuna wannan sai in ji jinina ya ɗau zafi. Gidan wata gwauruwa makauniya da ke ƙarshen unguwa ma bai tsallake shi ba, zakaranta ɗaya tak ya ɗauke.

Barikin ɗakin ciyawa ne a kan tudu, mutanen garinmu suka gina shi da hannunsu ba lada. Na laɓe a bayan dangar madafa. Kukun Baturen, wani mutum mai farar riga, ya cika daro da ruwa yana jefa ƙwai ɗai-ɗai, wanda ya nutse ya ajiye, wanda ya taso ya ware. Nawa duk suka taso, alamar gawayina a jikinsu, suna ɗan rawa a kan ruwan. Ya ɗauki ɗaya ya fasa a bakin daro. Ɗan tsako ne cikakke, da gashinsa a jiƙe, da bakinsa, yana motsa ƙafa. Kuku ya yarfe hannu ya tofar da yawu, ya ce mutanen wannan gari ƙazamai ne, ruɓaɓɓen ƙwai suke kawo wa Bature. Ya kwashi sauran goman ya watsa kan juji. Na rarrafa na duba, uku sun faɗa kan jiƙaƙƙiyar ciyawa ba su fashe ba, na ƙulle su a haɓar zanena. Ina ɗagowa na ga kukun ya taka fikafikan Wake-wake, ya sa mata wuƙa.

Ban san lokacin da na dumbuzo laka ba. Hannun da ya yi wata biyu yana jifan tsuntsu bai kuskure ba, ta same shi a tsakiyar farar rigar nan har ta fantsama a fuskarsa. Na ce masa ɓarawo, na ce Allah ya isa, na faɗi duk abin da ya zo bakina. Ɗan Jummai ya cafke ni ya kwaɗa mini mari, ya ja ni ƙiii zuwa gaban Bulama da masinjan Bature. A nan ne na hangi Baturen kansa, karo na farko kuma na ƙarshe. Yana zaune kan kujerar tafi-da-gidanka a gefen tudu, ya kafa madubin hangen nesa a ido yana kallon tsuntsayen fadama, yana rubuta wani abu a ɗan littafi, yana murmushi. An ce son tsuntsaye gare shi ƙwarai. Duk ihun da na yi bai waiwayo ba.

Aka aika aka kira babana. Mutumin da ke tsayawa a kan kwale-kwale ya soki tarwaɗa da mashi cikin ruwa mai gudu, mutumin da duk masuntan yankin ke gaisarwa, shi na gani ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa cikin taɓo a gaban masinja, wanda a haife ya haife shi. "Ranka ya daɗe, yarinya ce, a yi haƙuri," abin da yake ta maimaitawa ke nan. Masinja ya ce haƙuri ɗaya ne, babana ya kawo kwandon bandar kifi, kuma shi zai tuƙa kwale-kwalen kayan Bature har zuwa wajen Guri, ya dawo da kansa. Ana tsakiyar noma, gonarmu ta gero ciyawa na neman cinye ta. Babana ya ce ya gode. Da suka tashi washegari na tsaya a bakin ruwa, na ga kwanduna huɗu cike da kajin garinmu da ransu an loda su tare da kayan masinja da na kuku. Ashe abin da Baturen ya ci bai wuce kaza biyu ba, kuma a cikin biyun har da tawa.

Ƙwai ukun nan Iya ta karɓa ta goge su da tsumma, ta cusa ƙarƙashin wata agwagwarta da ke kwanci. Biyu suka mutu a ciki. Ɗaya ya fasa a rana ta huɗu, ɗan mitsitsi, yana tangaɗi. A ƙirjina na riƙa ɗumama shi, ina tauna masa tsaki a bakina. Kwana biyar babana ya yi kafin ya dawo, tafin hannunsa duk ya sale. Na ɗauka zai dake ni, ina ma so ya dake ni in sami dalilin ƙara jin haushinsa, don na fi jin zafin durƙuson nan nasa fiye da marin Ɗan Jummai. Bai dake ni ba. Ni kuma na ƙi gaishe shi, na ƙi kai masa ruwan alwala, har mako guda, Inna na zagina ina ƙunshe baki. Ranar da ya gaji ya kira ni, ya dubi ɗan tsakon da ke hannuna ya ce, "Uwata, da na ɗaga kai ranar nan, da yanzu ina gidan yari a Haɗeja, ku kuma wa zai ciyar da ku?" Sai ya ɗauke ni a kwale-kwale zuwa wani ɗan tudu a cikin dogayen ciyayin bakin ruwa, inda ya riga ya gina akurki da waɗannan salallun hannayen. Ya ce duk ranar da na ji gangar Bulama tana shelar baƙi, in kwaso abin da nake da shi in kawo nan. Ɗan tsakon ya zama kaza, daga ita na tara garke har da zabi, kuma sau uku ana rangadi bayan haka, Ɗan Jummai na shigowa yana tarar da akurki wayam.

Yanzu jikokina a Haɗeja suna kiwon kajin gidan gona a keji, da fitila da allurar rigakafi da abinci na buhu, cikin mako shida kaza ta isa yanka. Ba wanda zai faɗo musu gida ya ɗauki ko gashi ɗaya, kuma na gode wa Allah da suka tashi ba su san wannan ba. Idan na ba su labari dariya suke yi, wai Kaka har yanzu tana fushi a kan kaza guda. Ina fushi kuwa, ban kuma ga ranar dainawa ba. Abin da dai na so in gyara shi ne makon nan da na hana babana gaisuwa, ga shi ya daɗe a ƙasa. Na girma kafin na gane nauyin da ya ɗauka ya yi shiru.