Afrilun da Alwin Ya Zaɓa

A ƙauyenmu na Ligerz, duk baƙon da ya tambayi lokacin da ya fi daɗin zuwa, wurin Alwin ake tura shi. Da rani shi ke ɗaure igiyar jirgin ruwa a bakin tafki, sauran watanni kuwa yana kan tudu cikin gonar inabin da ya gada. Tun ina yarinya amsarsa ɗaya ce: a zo da kaka, farkon Oktoba, ganye ya yi ja, ana matsar inabi, tafki ya kwanta luf.

Sai matarsa Trudi ta fara mantuwa. Yau ta zuba gishiri a shayi, gobe ta kira shi da sunan yayanta da ya daɗe da rasuwa. Da yake maƙwabta muke, nakan leƙa in taya shi girki. Ina wurin ranar da 'yarsu Regula ta bugo waya daga Kanada, inda take aure, tana da yara biyu da ba su taɓa ganin ƙauyen ba.

"Baba, mun shirya. Oktoba za mu zo, yadda kake gaya wa kowa."

"Ku zo Afrilu."

"Afrilu? Kai da bakinka ka ce watan agwagi ne, ruwa ba ya ɗaukewa."

"To, tsufa ne, na canja ra'ayi. Yara su zo su ga inabi yana toho."

"Baba, Mama lafiya dai?"

Ya dubi Trudi, tana zaune tana ninke tsumma tana warwarewa. "Tana nan, tana yi mini faɗa kamar kullum."

 Sai Regula ta ce, "Za mu zo Afrilu."

Suka zo, ruwan sama kuwa bai ɗaga musu ƙafa ba. Hazo ya rufe tafkin, gonaki duk caɓi. Amma Trudi na ganin 'yarta a bakin ƙofa ta kira sunanta, ta ce ta rame. Ta soya musu kifin tafki da hannunta, Alwin na tsaye kusa da gishirin. Ta koya wa jikokin ɗaure reshen inabi, ta ce da surukin hannunsa ya yi laushi da yawa, sai ka ce bai taɓa riƙe almakashi ba. Alwin ya yi dariya har da tari.

Kafin Agusta Trudi ta daina gane kowa. Inabin shekarar ya yi kyau ƙwarai, Regula ta dawo ita kaɗai ta taya tsinka. Trudi ta karɓe ta da fara'a, ta tambaye ta 'yar gidan wa ce.

Bayan kaka Alwin ya bar wa ɗan ƙaninsa gonar tudu, ya ajiye aikin jirgi. Yanzu da hantsi yakan riƙo hannun Trudi su gangara bakin ruwa a hankali, ta ba agwagi burodi.