Yatsun Goggo Herminia

Tsoro ya kama ni ranar da na ga yatsun Goggo Herminia suna ƙuna a kan kasko, ita kuwa tana ta hira. Tun tana budurwa take gasa wainar masara a kasuwar garin Tlacolula, da hannu take juyawa. Yanzu ba ta jin wuta, amma ko mayafi ya goge ta sai ihu.

Wani likita ya ce ciwon suga ne ya ci jijiyoyin, sai ƙwayoyi. Wani ya ce jijiya ce ta matse a wuyan hannu, sai tiyata.

"Kai mai digiri, wanne ne?" ta tambaye ni. "Ko digirin na ado ne?"

Yanzu rumfarta ta kasuwa tana rufe. An yi gwajin jijiya, sakamako bai fito ba tukuna.