Wuƙar Wuyan Iya

Wata ranar Lahadi cikin watan Yuli na shekarar 2003, ruwa ya sauko da ƙanƙara a unguwarmu Nasarawa Gwom da ke Jos har ya hana mu zuwa Islamiyya, muka taru a ɗakin Iya, kwanon rufi yana ta ƙara ba mai jin maganar wani. Iya ita ce mahaifiyar Babanmu, ni kuma a lokacin ina aji uku a firamare. Tana zaune a tabarma da kaskon wuta a gabanta, sai ta sa hannu cikin wuyan rigarta ta jawo wuƙarta, ta zare ta daga kube, ta ɗauki dankalin Turawa ta feraye shi, ɓawon ya sauko a nannaɗe bai tsinke ba. Daga nan ta juya wuƙar ta miƙo mini ta wajen ƙota, ta ce in gwada. Ban taɓa riƙe ta ba sai ranar. Na zubar da rabin dankalin tare da ɓawon, na kuma haɗa da gefen babban yatsana. Iya ko motsawa ba ta yi ba, ta yagi bakin tsumma ta ɗaure mini, ta goge wuƙar a zaninta ta mayar. "Ta ɗanɗana ki, yanzu ta san ki," in ji ta. "Ranar da kika haihu, ni da kaina zan rataya miki ita." Nan take na haɗiye kukan, domin a duk gidanmu ba a taɓa yi wa wani yaro alkawarin abu mai daraja irin wannan ba.

Wuƙar kanta ba wata abin kallo ba ce. Tsawonta duka bai wuce tafin hannun babba ba, ba ta naɗewa, ƙotarta ta itace ta yi baƙi da sulɓi saboda riƙo. Kuben na jan fata ne, amma zufa da man shafawa sun mayar da shi kalar ƙasa, igiyar kuwa an sake ta sau da yawa. Iya ta ce Kakanmu ne ya sa wani maƙeri ya ƙera mata ita da guntun ƙarfen mota, tun zamanin da yake lebura a haƙar kuza, ita kuma tana cikin matan da ke wanke kuzar a ruwa. Mai aiki a ruwa har gwiwa duk abin da ta ƙulle a haɓar zani ya zama na kududdufi, kuma tufafin mace ba su da aljihu, shi ya sa ta rataya ta a wuya. Aikin kuza ya mutu, Kakanmu ya rasu, wuƙa ta ci gaba da zama inda take. Da ita take kwana, da ita take salla, in za ta yi wanka sai ta rataye ta a ƙusar bayi inda idonta zai riƙa ganin ta.

Gidanmu gidan haya ne mai ɗakuna a jere da rijiya a tsakiya, kuma kusan duk abin da ke bukatar yanka a gidan nan sai ya bi ta hannun Iya. Da ita take tsaga goro, da ita take yanka kuɓewar da za a shanya, ta raba sandar sabulu gida-gida ranar wanki, ta yanke zaren da ya zarce a ɗinki, ta cire mana ƙaya a ƙafa muna ihu tana yi mana dariya. Ba ta ba da aronta. Ko Maman Kaneng, maƙwabciyarmu 'yar Birom da ke sayar da gwate, faten nan mai ganye, a ƙofar gida, wadda suka fi shekara goma suna cin goro tare, in ta aiko aron wuƙa sai Iya ta tashi da kanta ta je ta yanka mata alayyahun. Mutanen gida suna cewa rowa ce. Ni dai na ga rowar da ke sa tsohuwa ta tsallaka tsakar gida cikin sanyin Jos don ta yi wa wata aiki, irinta ba ta da yawa.

Mu yara mu muka fi kowa cin moriyarta. Fensirin da Iya ta fiƙe daban yake a aji, bakinsa dogo siriri kuma ba ya saurin karyewa, har 'yan ajinmu suka riƙa ba ni nasu in kai mata, ni kuma ina karɓar ladan gyaɗa ba tare da ta sani ba, ko kuma ta sani ta ƙyale ni. In an cire masara, ita ke tsaga wa yayyena kara su haɗa motoci, mu mata kuma ta sassaƙa mana 'yar tsana mu yi mata kitso da zare. Ranar Asabar muna bin ta lambunta, wani ɗan fili a gefen tsohon ramin kuza da ya cika da ruwa, an kewaye shi da shingen kyarana. Can take noma kabeji da karas da latas. Mu aikinmu ɗibar ruwa da korar awaki, ita kuma ta sunkuya tana yanke kabeji daga gindi, wuƙar tana shiga tana fita, in ta gama ta soka ta a ƙasa ta goge. Kullum tana gargaɗin mu kada ruwan kyarana ya taɓa mana ido. Da yamma in mun dawo, muna carafke a bakin rijiya, ita tana wasa wuƙar a kan wani dutse da tsakiyarsa ta lotsa saboda shekaru.

Ban da wanka, lokaci ɗaya ne kawai wuƙar ke barin wuyanta, shi ne in an yi haihuwa a gidan. Da an wanke jariri an kwantar, sai Iya ta cire ta da kubenta ta tura ƙarƙashin shimfiɗa ta wajen kansa, kuma a nan za ta zauna har a yi arba'in. In mai jego za ta fita da jaririn, to wuƙa ma ta fita. A wajen Iya, jariri ɗanye ne, kuma abubuwan da ido ba ya gani suna tsoron ƙarfe. Ba ta ware kowa ba. Da Maman Kaneng ta haifi autanta, shi ma sai da ya kwana a kan wuƙar, uwar tana dariya ta ce ba za ta yi musu da Iya ba. Baba kuwa, wanda ke tuƙa babbar mota kuma yake zama wajen karatu duk sanda ya dawo, ya sha gaya mata cewa camfi ne. Amsarta ɗaya ce kullum: "Addu'a ina yi, ƙarfe kuma na gada, ban taɓa jin sun yi faɗa ba." A irin waɗannan kwanaki sai ka ga hannunta yana kai wa ƙirji yana dawowa, ta koma yanka kuɓewa da wuƙar kicin tana ƙorafin cewa wannan ba wuƙa ba ce, ludayi ne.

A ƙarshen shekarar 2008 gari ya sake rikicewa, kuma cikin makon ne Ummanmu ta haifi ƙanena Sadiƙu a gida, don babu halin fita. Baba yana kan hanya, an tare su a wani gari. Aka sa dokar hana fita, kasuwar Laranto da muke sayo itace da hatsi ta zama ba ta shiguwa, Iya ta riƙa dafa ruwan wankan jego da guntayen katakon da ta tsinto a bayan gida. Ba a kai ga suna ba idon yaron ya yi ruwan ɗorawa, jikinsa ma ya bi, ya daina kama nono sai barci. Iya ta duba tafin ƙafarsa ta ce shawara ce, kuma wannan ta wuce ta jiƙo, sai asibiti. Da aka sassauta dokar da safe muka fita a ƙafa, don ko ɗan acaɓa babu: Umma rungume da jariri cikin shawul, Iya a gefenta, ni a baya da kwando da filas. Wuƙa, kamar kullum, tana cikin shawul ta wajen kansa. Babu wadda ta yi tunanin komai a cikinmu.

A bakin babban titi akwai shingen sojoji, kowa zai wuce sai ya ɗaga hannuwa sama. Ni da Iya muka ɗaga, Umma ta tsaya da jaririnta. Wani matashin soja ya buɗe kwandona, sannan ya ɗaga gefen shawul ya leƙa, sai ga igiyar fata. Ya ja, wuƙa ta biyo. Fuskarsa ta canza, ya ce mu koma gefe inda aka zaunar da wasu maza a ƙasa. A idonsa mun ɓoye makami a jikin jariri ne, kuma in an duba kwanakin da ake ciki, ba za a ce ya yi wauta ba. Iya ta shiga yi masa bayanin jego da arba'in, shi ba ya jin Hausa, Umma kuma sai hawaye. Can wani babba a cikinsu ya matso, ya dubi idon yaron, ya dubi wuƙar, ya ce da irin Hausarsa: "Mama, na sani wannan abu, kakana ma yana yi. Amma oga ya ce ko reza ba zai wuce ba. Ko ki koma gida da shi, ko ki bar shi a nan ki kai yaro." A bayansa akwai buhu da aka cika da adduna da wuƙaƙe, har da almakashin wani tela.

Na zaci Iya za ta yi gardama, don na san ta da kafiya a kan abin da bai kai wannan ba. Ba ta yi ba. Ta karɓi wuƙar daga hannun matashin, ta zare ta, ta goge ta a zaninta kamar ta gama aiki, ta juya ta miƙa wa babban ta wajen ƙota. Ta ce masa ajiya ce, za ta dawo. Kuben kuma ta mayar da shi cikin shawul ta wajen kan Sadiƙu, ta gyara masa hula, ta ce wa Umma mu tafi. Har muka isa asibiti ba ta waiwaya ba. Ni ce na yi ta waiwaye, kuma ba zan ɓoye ba, ba yaron nake tunani ba a lokacin, wuƙar da zan gada nake gani ana jefawa a buhu.

An kwantar da Sadiƙu a ƙarƙashin wata fitila, ya warke, muka dawo da shi gida. Kafin nan an canza sojojin shingen, waɗanda muka tarar ba su san zancen wata ajiya ba, buhun ma an kwashe. Iya ta koma ta tambaya har sai da Baba, da ya dawo, ya roƙe ta ta bari. Ya sayo mata sabuwa a wajen maƙera, mai kyau, ta yi godiya ta sa masa albarka, ta ajiye ta a cikin kwalla. Ba ta shiga kuben ba, ta yi masa faɗi. Da aka yi arba'in sai ta mayar da kuben wuyanta haka nan babu komai ciki, kuma da shi ta ƙarasa rayuwarta. Su Maman Kaneng sun tashi sun koma unguwar Gada Biyu a cikin watannin, lambu ya gagari zuwa, fensirinmu muka koma fiƙewa da reza. Sadiƙu kuwa ya tashi da suna a bakinta, ba ta kiran sa sai Ci-wuƙa. In ya ƙi aike sai ta ce ya biya ta wuƙarta tukuna, shi kuma ya ce ai ba shi ya ce a kai shi asibiti ba, ta jefe shi da takalmi tana dariya.

Yanzu ina zaune a gida mai kicin da wuƙaƙe jere a cikin durowa, babu wadda na san ranar da aka saye ta, in ɗaya ta dakushe sai a jefar a sayo wata. A garin nan ko kasuwa ko asibiti za ka shiga sai an laluba jakarka, kuma tsohuwar da za ta rataya wuƙa a wuya ta bi titi, mutane za su dare mata. Na kan yi kewar lokacin da za a ga ƙarfe a ƙirjin mace a san kuɓewa za ta yanka. Iya ba ta kai ga ganin aurena ba. Da na haifi 'yata ta fari aka sallamo mu, Umma ta zo wankan jego da wani ɗan ƙulli, ta ce Iya ta bar mata saƙo tun tana jinya, ta ce alkawari ne. Na kwance, sai ga kuben da igiyarsa. Ni ɗin da na yi karatu, na kuma yarda da Baba cewa camfi ne, na ɗaga shimfiɗar yarinyar na tura shi ta wajen kanta. Bayan arba'in na rataya shi a wuyana, kuma har yau ban nemo masa wata wuƙa ba.