Malamar da Ta Ɗauki Bokitin Habi

Shekara talatin da ɗaya Malama Elisabatu tana riga kowa isa makarantar ƙauyenmu, nan tsakanin Goronyo da Wurno. Kafin a buga ƙarfe tana tsaye a bakin ajinta, tana duba fuskar kowane yaro da zai shiga. Wanda ya zo ido a kumbure ta gani. Wanda ko kunu bai sha ba ta gani. Mutumiyar Zuru ce, Kirista. Ta zo tun ana fara sako ruwan dam cikin kanal, ta zauna da mu har Hausarta ta soma komawa irin tamu. Makon jiya ta yi ritaya. Ba taro, ba jawabi, ko tabarma ba a shimfiɗa mata ba. Haushin wannan ne ya sa na ce sai na faɗi abin da na sani.

Makarantar tana da wani tsari tun da daɗewa. Daɓen azuzuwa ya farfashe, saboda haka kowace safiya 'yan mata biyu daga kowane aji sukan je kanal da bokiti su ɗebo ruwa, a yayyafa kafin a yi shara. Bi da bi ake yi. Ba wanda ya taɓa ganin aibinsa sai shekarar da Habi ta shiga aji uku, ajin Malama.

Habi jikata ce, ɗiyar ɗana Maccido. A noman rani na shekarar ya shiga kanal zai gyara tiyon injin da yake ba albasarsa ruwa, ƙafarsa ta zame a kan siminti mai gansakuka, ruwa ya tafi da shi. Habi tana tsaye a bakin kanal ɗin, ta kai masa fura. Sai washegari aka same shi. Bayan sadakar bakwai muka mayar da ita makaranta. Ba wanda ya tambaye ta komai. Mun ce yarinya ce, za ta manta.

Sai ƙara ta fara zuwa gida. Habi ta ƙi ɗaukar bokiti. Habi ta kwanta a ƙasa ta sandare. Habi ta ciji monita har jini. Hedimasta, Malam Atiku, ya zane ta sau uku, ni ma na ƙara mata nawa a gida, Allah ya yafe mini. Maƙwabta suka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Duk garin nan, masu gemu da masu furfura, kowa ya san inda Maccido ya mutu, kowa ya san inda ake aiken yarinyar, amma ba wanda ya haɗa biyun. Har ni da na haife shi. Ƙarshe Malam Atiku ya aiko cewa in ta sake cizon wani, zai soke sunanta daga rajista.

Malama ce ta lura. Sauran ranaku Habi lafiya lau take, har ta fi kowa lissafi. Ranar da bokiti ya zo kanta ne kawai take birkicewa. Da la'asar sai ga Malama a gidanmu. Ta zauna, ta sha ruwa, ta ce, "Inna, abin da Habi ta yi na gani da idona, ba shi ya kawo ni ba. Mi ya same ta?"

Na buɗe baki in ce ba komai, kuka ya riga ni.

Washegari ta shiga ofis. Sale mai gadi yana bakin taga, shi ya ba ni labari. Malam Atiku ya ce doka doka ce, in an ɗauke wa ɗaya, gobe duk 'yan ajin za su kwanta a ƙasa. Ya ce, "Malama, nan makaranta ta ko gidan reno? Ɗiyan wanga zamani ba su jin komi sai bulala." Ta tambaye shi abin da bulalar ta gyara a zuwa uku. Sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, ruwa kake so ko Habi a bakin kanal? In ruwa ne, zai zo."

Ya kuwa zo. Ranar da bokiti ya sake zagayowa kan Habi, Malama ta miƙa mata tsumman goge allo, ta ɗauki bokitin da kanta. Mace mai furfura, da kayan aikinta, tana ratsa gonakin albasa da ruwa a ka. Masu ban ruwa suka sami abin yi. Wani ya ce, "Malama, an maishe ki aji ukku?" Ta ce i, faɗuwa ta yi, tana maimaitawa. Mata kuma a gidaje suna cewa tana sangarta yara. Mutanen da ba su taɓa tambayar yarinyar ko ta yi barci ba, su ne da bakin magana.

Malama ba ta taɓa ce wa Habi ta ba ta labarin ranar ba, ba ta kuma ja ta zuwa bakin ruwa wai don ta saba ba. Aka yi wata biyu a haka, ba cizo, ba kwanciya. Wata safiya Habi da kanta ta biyo ta har gindin dogonyaron da ke ƙarshen fili, ta tsaya nan. Da Malama ta dawo, Habi ta karɓi bokitin ta kai aji. Haka suka raba tafiyar, har bayan Habi ta bar ajinta, har aji shida. Malam Atiku bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Sunan dai bai soke ba.

Da na kai wa Malama kaza sai ta maido, wai ita ruwa kawai ta ɗebo. Wannan taurin kai nata ma ya ishe ni.

To yau ba ki da yadda za ki maido, Malama. Ke ce mai ganin ciwon da ba ya jini. Ke ce kika yi tambayar da garin nan duka ya kasa yi. Habi tana sakandare a Wurno. Har yanzu in za ta shigo gari sai ta zagaya ta hanyar kasuwa don kada ta ga kanal, kuma na daina yi mata faɗa a kai. Na gode, uwar marayu. Allah ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya sa naki su sami mai kula da su haka.

Ku kuma malaman da ta bari, da mu iyaye da kakanni, in yaro ya yi abin da ya ba ku haushi, ku ajiye bulalar tukuna ku je gidansu ku zauna. Garin ba shi da wani girma. Da ita ba ta tako ta zo ba, da yau Habi tana tsakar gida tare da ni, ana ce mata mai iska, ni kuma na yarda.