Ƙwayar Murjani a Ƙarƙashin Harshe

Ina da shekara goma sha ɗaya Kaka ta zo daga Wusasa don a duba mata ido. An ce wata uku za ta yi, sai ga shi ta shekara huɗu tare da mu a ƙasar waje, a ɗan gidan hayarmu na unguwar Glenwood. Komai na ƙasar nan ta haƙura da shi, ban da ɗumin da ke fitowa ta ramukan ƙasan ɗaki. Ta ce ita ba ta yarda da zafin da ba a ganin wutarsa ba. Akwai wani tsohon murhu a jikin bangon falo da aka daɗe ba a hura ba, ta tasa Baba a gaba sai da ya sa aka share shi. Daga nan, duk lokacin sanyi in an gama cin abincin yamma, sai ta shimfiɗa bargo a gabansa, ta tura dankalin Hausa cikin toka, ta dube mu ni da yayata Rahila ta ce, "Ku matso, ga wata tatsuniya ta iso, ku ba ta wurin zama."

Shekarun farko da gudu muke zuwa. Amma sai muka girma, wata duniyar ta ja mu. Ranar Lahadi da yamma rediyo yakan jero waƙoƙin da ake yayi, mu kuma mu kwanta rub da ciki a ɗakinmu, yatsan Rahila a kan maɓallin ɗauka, tana gadin lokacin da mai gabatarwa zai yi shiru don kada muryarsa ta ɓata mana kaset. Akwai wata baƙar leda da take yawo gida-gida tsakanin 'yan Nijeriya, cike da kaset ɗin finafinan Hausa da na Indiya, wasu har hotonsu ya fara ruwa saboda yawan kallo. Akwai gidan wasan takalmi mai taya, inda gwiwoyina suka sha ƙasa. Sannan akwai wata sinima mai araha a ɗaya ɓangaren gari, wadda kafet ɗinta ke manne wa takalmi, wadda kuma Baba ya ce ba mai taka ta sai da babba. Har yau in ɗaya daga cikin waƙoƙin nan ta tashi a kanti ina sayayya, tsayawa nake yi cak da kwando a hannu.

Abin da na fi ƙauna a duniya a lokacin shi ne ɗan abin sauraron faifan CD na Rahila, zagayayye, ruwan azurfa, wanda ko taɓawa ba ta bari in yi. Kaka takan ce mun toshe kunnuwanmu da igiya. Tana ba da tatsuniya, mu muna gyaɗa kai, amma ba don ita ba.

Ran wata Asabar cikin hunturu, ina da shekara goma sha huɗu, Rahila tana da sha bakwai, ta jawo ni ɗaki da rana ta rufe ƙofa. Za ta sinimar nan da wata ƙawarta 'yar ajinsu, fim ɗin rawa ne da kowa a makaranta ya gani ban da ita. Ta riga ta gaya wa Baba cewa za ta koyon waƙa a coci, can wajen Sedgefield, kuma za a maido ta.

"In an tambaye ki, abin da kika sani ke nan, Asabe," in ji ta. Ta ɗora mini abin sauraron a tafin hannu. "Sati guda naki ne, har da faifan. Amma ki rantse."

Na rantse. Ko tunani ban tsaya yi ba.

Wajen ƙarfe uku aka fara yayyafi. Wanda ya zauna a garin nan ya san irinsa: ruwa ne yake saukowa, amma da ya taɓa abu sai ya daskare. Kafin ƙarfe biyar kowane reshe da kowace wayar lantarki sun sa rigar gilashi. Muka fara jin rassan itatuwa suna karyewa a unguwa, kamar harbin bindiga. Mama ta bugo daga gidan kula da tsofaffin da take aiki, ta ce an hana su fita, a can za ta kwana. Tana ajiye waya aka ɗauke wuta. A ƙaramin rediyo mai batir muka ji an ce an tsayar da bas-bas na gari.

Baba ya buga wayar coci sau huɗu, ba a ɗauka ba. Ya yi ta kai da kawowa tsakanin taga da ƙofa. Can ya tsaya a kaina.

"Asabe, wa ta ce zai maido ta?"

Na amsa masa da Turanci, kamar yadda nake yi in ba na son a ga cikina. Na ce ban sani ba.

"Amma cocin ta tafi?"

Na ce e.

Ya ɗauki rigar sanyinsa da makullin mota. Kaka ta ce, "Yakubu, hanyar nan da nisa, kuma akwai gangara."

"To ya zan yi, Inna? In bar yarinya a waje?"

Ya fita. Motar ta lulluɓe da ƙanƙara, sai ya kankare gilashin kafin ya iya ganin hanya. Muna jin ƙarar kankarewar daga falo: ƙyar, ƙyar, ƙyar. Ni kuwa na duƙunƙune a ƙarshen kujera, na cusa igiyar abin sauraron a kunnuwana a ƙarƙashin hular sanyina, na ƙure waƙa. Ina gaya wa kaina yanzun nan Rahila za ta turo ƙofa tana dariya. Ina gaya wa kaina ai na rantse.

Kaka ta gyara itacen murhu. Ba ta dube ni ba ta ce, "Ƙawata, cire igiyar nan. Ga wata ta iso."

"Kaka, yanzu? Ba na jin..."

"Ba doguwa ba ce. Ba za ta kai uban naki ya gama kankare motarsa ba."

Na zare ɗaya kunnen. Ta fara, muryarta ƙasa-ƙasa, ba irin wadda take kwaikwayon Gizo da ita ba.

Wai an yi wasu 'yan mata biyu, ya da ƙanwa, a wani gari bakin kogi. A ƙetaren kogin akwai makaɗin da in ya taɓa kalangu, har tukwane sai sun motsa. Uban yaran ya hana su ƙetarewa. Ran nan yayar ta ci ado, ta kira ƙanwar bayan rumbu, ta tsinko ƙwayar murjani ɗaya daga wuyanta ta ce, "Buɗe baki." Ta sa mata a ƙarƙashin harshe. Ta ce, "Taki ce. In an neme ni, ki ce na tafi daji itace." Ta ƙetare kogi, ruwa iya ƙauri. Tana ƙetarewa hadari ya haɗu, kogi ya kawo, ya cika ya batse. Rana ta faɗi ba ta dawo ba. Uban ya tambayi ƙanwar, ta ce daji ta tafi. Ya ɗauki gora da sanda ya nufi daji, inda kura ta haihu a makon nan.

"Yarinya tana kallonsa yana ɗaura takalmi," in ji Kaka. "Ta ce a ranta, bari ya gama ɗaurawa tukuna. Murjani ya zama kamar gyaɗa. Ya kai bakin zaure, ta ce bari in ga ko za ta ɓullo. Murjani ya zama kamar goro. Ya kai bakin gari, ta ce kai, gara in faɗa. Ta buɗe baki za ta kira shi, ashe murjani ya kai ƙwan zabo. Harshe ya rasa wurin juyawa."

Nan Kaka ta tsaya. Ta sa tsinke tana tono dankali a toka. A waje ƙarar kankarewa ta tsaya, na ji an rufe ƙofar mota.

"Sai me ya faru?" Da Hausa na tambaya.

"Oho. Ni nan tawa ta tsaya." Ta ɗaga gefen bargon da take zaune a kai, ta zaro wani littafi ta ajiye a tsakaninmu. Littafin waƙoƙin cocin Rahila ne, mai sunanta a bango. "A ƙarƙashin matashin kujera na tsince shi ɗazu. Na san inda ba ta je ba. Inda ta je ne ban sani ba."

Injin mota ya tashi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Da safa kawai na fita. Ina taka matakalar farko ƙafata ta zame, na faɗi da gwiwar hannu, abin sauraron ya fice daga aljihuna ya tarwatse a kan siminti. Motar ta fara ja da baya. Na rarrafa, na miƙe, na riƙa dukan gilashin da tafin hannu. Baba ya taka birki, motar ta ci gaba da sulalewa kaɗan kafin ta tsaya. Ya sauke gilashi.

"Baba, ba coci ta tafi ba. Sinima ta tafi. Mai arahar nan. Da bas ta je."

Ya dube ni. Na yi zaton zai daka mini tsawa, da ma hakan ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Koma ciki, ba ki da takalmi." Ya juya kan motar hagu maimakon dama, yana tafiya kamar mai bin gawa.

Awa biyu muka yi muna jira, tafiyar da a ranar lafiya ba ta wuce minti goma sha biyar. Kaka ta ɗaure mini gwiwar hannu da ɗankwalinta. Ba ta yabe ni ba, ba ta kuma yi mini faɗa ba. Ta ɓare dankali ta miƙo mini, na riƙe shi a hannu ban ci ba. Duk reshen da ya karye a waje sai na zabura. Ita kuwa leɓunanta ne kawai ke motsi, na san addu'a take yi.

Da hasken fitilar mota ya bugi labule, na riga ta isa ƙofa. Baba ya shigo riƙe da Rahila, ya lulluɓe ta da rigarsa, leɓunanta sun yi shuɗi-shuɗi. Ashe ana tsakiyar fim wuta ta ɗauke, aka fitar da kowa aka kulle. Ita da ƙawarta suka tsaya a wurin jiran bas ɗin da ba zai zo ba, da ɗan takalmi marar safa, fiye da awa biyu. Uwar ƙawar tana wurin aiki. Akwai wayar kan titi a kusa, amma Rahila ta ƙi bugowa gida don tsoron muryar da za ta ɗauka. Baba ya fara kai ƙawar gidansu sannan suka taho. Kaka ta hana a kusantar da ƙafafun Rahila ga wuta, ta sa su a cinyarta ta rufe da zane har jini ya dawo. Rahila tana kuka, tana hararata ta saman kafaɗar Kaka.

Hukuncin Baba bai yi tsanani ba, na Rahila ne ya yi. Wata uku ba ta ce mini uffan ba, muna kwana ɗaki ɗaya. Lahadi ta zo, rediyo ya jero waƙoƙinsa, ba wanda ya kunna. Ko da muka shirya, ba mu ƙara kwanciya rub da ciki muna gadin kaset ba. Ta shiga jami'a, ta sami wasu ƙawayen da wasu waƙoƙin. Na daɗe ina ganin da bakina na kashe zamanin da ya fi kowane daɗi a rayuwata, ina kuma jin haushin Kaka a ɓoye. Ban taɓa neman ƙarshen tatsuniyar a wurinta ba har ta koma gida, har ta rasu.

Bara ne, ina raka Rahila asibiti awon cikinta na uku, muka bi ta inda sinimar take a dā. Yanzu wurin sayar da katifu ne. Ta rage gudu, ta nuna mini bakin titi da haɓa.

"Nan na tsaya," in ji ta. "Kin san addu'ar da nake yi? Allah ya sa bakin Asabe ya kasa riƙewa. Ita kaɗai nake ta maimaitawa."

Na juyo na dube ta. "To me ya sa kika yi gaba da ni wata uku?"

Ta yi dariya har da share ido. "Da wa kike so in yi? Da Baba?"

A dā na ɗauka Kaka tana koya mini ne cewa ƙarya ba kyau, abin da ko a ajin yara na coci an gaya mana. Yanzu da nake da shekarun da Baba yake da su a ranar, na gane maganar lokaci take yi. Gaskiyar da na faɗa yana ja da baya, da na bari ya kai ƙarshen layinmu, da ba ta amfani kowa ba, da kuma har yau ina ɗauke da ita. Kuma Kaka tana da iko ta ɗauki littafin nan ta miƙa wa ɗanta, ya matse ni a gabanta har in faɗa ina kuka. Sai ta zauna a kan littafin, zuciyarta tana bugawa kamar tawa, ta ba ni 'yan mintocin da suka rage, don in tashi da ƙafata.